Yadda Ake Daidaita Ƙaramin Jirgin Ruwa Mai Inji a Baya Domin Ya Ƙara Gudu

Katsina ba ƙasar manyan koguna ba ce, amma Allah Ya hore mana madatsun ruwa da ke ɗaukar ƙaramin jirgi mai inji a baya, irin su Zobe a ƙasar Dutsin-Ma inda aka tare kogin Karaduwa, da Jibiya, da Ajiwa nan kusa da birni, da Sabke ta wajen Daura. Sau da yawa jirgin faiba ko na alminiyam da ya iso nan na hannu ne, an sayi jirgin a wani wuri, an sayi injin a wani wuri, aka rataya wannan a bayan wancan ba tare da kowa ya auna ko sun dace da juna ba. Idan jirgin ya ƙi gudu, abin da ke fara zuwa wa mai shi a rai shi ne ya nemi inji mafi girma, ko ya sa a buɗe masa wanda yake da shi. Shawarata ita ce a ajiye wannan tunani tukuna, domin akwai gudu mai yawa da ke ɓacewa tsakanin inji da ruwa, kuma ana iya dawo da shi da kuɗi kaɗan idan aka bi aikin daki-daki, ana canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, ana aunawa.

Kafin ka kwance noti ko ɗaya, ka tanadi abubuwa uku. Na farko waya mai GPS wadda za ta nuna maka gudu da kilomita a awa, domin kunne da iskar da ke bugun fuska suna ruɗin mutum ƙwarai a kan ruwa. Na biyu mitar juyin inji, irin 'yar ƙaramar nan da ake naɗa wayarta a jikin wayar fulogi, ta riƙa nuna sau nawa inji ke juyawa a minti ɗaya, sai dai a tabbatar an saita ta daidai da irin injin, in ba haka ba za ta nuna rabi ko ninki. Na uku littafi da biro. Ka zaɓi miƙaƙƙen wuri mai zurfi wanda masunta suka tabbatar maka babu koma ko kututture a cikinsa, ka fita da sassafe kafin iska ta taso, ka ba inji wuta har ƙarshen totur, ka je ka dawo ta hanya ɗaya, sannan ka haɗa gudun zuwa da na dawowa ka raba biyu. Da hunturu musamman, iskar arewa maso gabas tana iya ƙara maka a tafiya ta rage maka a dawowa, shi ya sa awon gefe ɗaya ba abin dogaro ba ne. Ka rubuta gudu, da juyin inji, da yawan mutane da man da ke cikin jirgin, kuma duk gwajin da zai biyo baya ka yi shi da wannan nauyin.

Lambar da ta fi kowace muhimmanci ita ce juyin inji a ƙarshen totur. Kowane kamfani yana rubuta iyakar da ya yarda injinsa ya yi aiki a cikinta. Injinan Yamaha Enduro masu ƙarfin doki 15 da 40, waɗanda suka yi yawa a ruwayen Najeriya, iyakarsu daga juyi 4500 zuwa 5500 ne a minti, wasu injinan kuma sun haura haka, don haka ka duba littafin naka injin. Abin da ake nema shi ne injin ya kai kusa da saman wannan iyaka da nauyin da ka saba ɗauka. Idan ya tsaya ƙasa da ita, yana ja da ƙyar kamar motar da aka sa wa babbar giya a kan tudu, kuma hakan na cin fistin da ringi. Idan ya haura ta, yana kuka ne a banza.

Akwai wani dalili na musamman da ya sa injin da aka kawo daga Legas ko Fatakwal yake zuwa nan ya yi sanyi. Katsina tana kan tudu kimanin mita 500 sama da teku, kuma inji yana rasa wajen kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa, saboda iska na raguwa kauri. Ke nan injin doki 40 bai fi 38 ba a wurinmu, kafin a zo ga zafin bazara, lokacin da rana ke kai digiri 40 iskar ta ƙara yin shara-shara. Farfelar da ta dace da shi a bakin teku tana iya yi masa nauyi a Zobe, alhali babu abin da ya lalace a jikinsa.

Daga nan sai a koma kan jirgin kansa, a fito da shi tudu a kife shi, ko a ɗora shi kan tayoyi yadda za a iya leƙa ƙarƙashinsa. Jirgin gudu idan ya hau saman ruwa, ɓangaren bayan cikinsa, wato ƙasansa, kaɗai ke taɓa ruwan, don haka wannan wuri shi ne ke yanke hukunci. A kankare gansakuka da laka da duk abin da ya manne, a cike ramuka da wuraren da faiba ta ɓantare, a goge facin da aka yi da gaggawa har ya yi daidai da jiki. Sannan ka sami miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon mita ɗaya ko fiye, ka kwantar da shi a tsawon cikin jirgin daga bakin baya zuwa gaba, ka duƙa ka leƙa ta inda haske ke shigowa. Idan ka ga haske a tsakiya alhali bakin ƙarfen biyu suna taɓa jiki, cikin jirgin ya loɓa, kuma wannan loɓawa tana danne hancin jirgi cikin ruwa ta cinye gudu. Tana yawan samun jirgin da aka bari wata da watanni a kan dutse ko kan icce ɗaya cikin ranar Katsina, da nauyin inji rataye a baya. Idan kuma tsakiyar ce ta kumburo ƙarfen yana lilo a kanta, jirgin zai riƙa tsalle. Mai aikin faiba yana iya gyara duka biyun. A lura da kusurwar da cikin jirgi ya haɗu da allon baya, wato allon da ake rataya inji a jikinsa, a bar ta da kaifi, domin idan aka zagaye ta ruwa yakan bi ta ya hau allon ya riƙe jirgin.

Nauyi shi ne abokin gaba na biyu, kuma lissafinsa a fili yake. Tsohon lissafin George Crouch, Ba'amurken da ya yi suna wajen zana jiragen tsere, ya nuna cewa gudun jirgi mai hawa saman ruwa yana tafiya ne da tushen murabba'in ƙarfin inji idan an raba shi da nauyi. Ma'anarsa a aikace ita ce, idan jirgi da inji da mutane da mai sun kai kilo 500 ka rage kilo 50, za ka sami ƙarin gudu kimanin kashi 5 cikin ɗari. Wanda kuwa ya sauya injin doki 40 da na 60, ya ƙara rabin ƙarfi cur, amma gudun da zai samu bai wuce kashi 22 cikin ɗari ba, kafin a cire nauyin sabon injin da ƙarin man da zai sha. Ga kuma haɗari, domin allon baya yana da iyakar ƙarfin dokin da aka gina shi ya ɗauka, kuma galibi an rubuta shi a wani ɗan faranti a cikin jirgin. Nauyin da ya fi ɓoyewa shi ne ruwan da ya shige tsakanin daɓen jirgi da cikinsa, ya jiƙa soson da ke wurin. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ka ɗaga hancin jirgin sama, ka cire murfin magudanar baya, ka bar shi ya tsiyaye kwana biyu ko uku, za ka yi mamakin abin da zai fito.

Lafiyar inji ba ta buƙatar dogon bayani, amma ba a tsallake ta. Makanike ya auna matsin silinda, kada bambanci tsakaninsu ya wuce kamar kashi 10 cikin ɗari. A sa sababbin fulogi irin lambar da kamfani ya rubuta, a wanke kafireto, a duba tiyon mai ko ya tsage yana shan iska, a tabbatar ƙofar iskar tanki a buɗe take. Ka cire murfin inji a kashe, ka murɗa totur har ƙarshe, ka duba da idonka ko bakin kafireto ya buɗe gaba ɗaya, domin sau da yawa waya ce ta saki mai jirgi yana tafiya da kashi uku cikin huɗu na injinsa bai sani ba. Idan injin na haɗa fetur da baƙin mai ne, a auna da kofin awo. Haɗin 50 da 1 yana nufin mililita 20 a kowace lita, wato rabin lita a tanki mai lita 25, kuma a nemi mai mai alamar TC-W3, wanda aka yi domin injin da ruwa ke sanyaya shi. Fetur ɗin 'yan bumburutu a tace shi, a bar shi ya kwanta a ga ko akwai ruwa a ƙasa. A yi haɗin a tudu nesa da baki, tunda waɗannan madatsu ruwan shan jama'a da dabbobinsu ne. Abin da nake gargaɗi a kai da babbar murya shi ne rage bakin man kafireto da sunan ƙara wuta, domin a irin wannan inji fetur ɗin shi ke ɗauke da man da ke shafe fistin, kuma inji yakan yi daɗin kuka na ɗan lokaci kafin ya buga.

Yanzu mun zo wurin da na fi son mai karatu ya natsu, wato tsayin inji a jikin allon baya. A nan ni ma na yi kuskure a farkon jirgina. Na sayi farfela mai tsada mai babban taku, wato mai cin nisa da yawa a kowane juyi, na ɗaura, jirgin ya ƙara nauyi maimakon gudu. Wani dattijon makanike da ya yi shekaru yana aiki a manyan koguna ya zo ya tsuguna a bayan jirgin, ya kara sanda a cikinsa ta miƙo baya har ta kai ƙafar injin, sai ya sa tafin hannunsa tsakanin sandar da faifan da ke saman farfela, ya ga har da saura. Na ce, "Baba, ko farfelar ce jabu?" Ya ce, "Ɗana, farfelarka ƙalau take. Doguwar ƙafa ka sa wa gajeren allo, injinka noma yake yi a ƙarƙashin ruwa." Ashe ƙananan injina suna zuwa da gajeriyar ƙafa ta allo mai inci 15 da doguwa ta allo mai inci 20, kuma nawa ya nutse da wajen inci 5 fiye da kima.

Ƙa'idar ita ce, idan ƙafar inji ta tsaya a miƙe, wannan faifai ya zo daidai da ƙasan cikin jirgi. Daga nan ake farawa, sannan a riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan, kamar rabin inci zuwa kashi uku cikin huɗu na inci a kowane gwaji. Duk abin da ka fitar daga ruwa na ƙafar inji, ka rage abin da ke jan jirgin baya, juyi ya ƙaru, gudu ya ƙaru. Injin da ake ɗaurewa da noti yana da jerin ramuka domin wannan aiki. Ƙaramin da ake matsewa da hannu kuwa, ana sa masa katako mai ƙwari a saman allon, amma dole maƙallan su kama allon sosai, a kuma huda a sa noti, a ɗaura masa sarƙa, domin injin da ya kama da baki-baki yana iya tsalle ya faɗa ruwa a kwana. Idan bambancin ya kai inci 5 irin nawa, katako ba zai wadatar ba, sai kafinta ko mai walda ya ƙara tsayin allon da ƙarfafawa ta ciki. Hanyar gane ka kai daidai ita ce, wani ya riƙe tuƙi kai ka leƙa baya a cikakken gudu, ka ga faifan yana shafar saman ruwa, ana ganinsa, ruwa na fantsama a kansa. Alamar ka wuce kuwa ita ce farfela ta riƙa shan iska, inji ya yi ƙara jirgi ya saki, musamman a kwana. Wadda ta fi wannan haɗari ita ce tsartuwar ruwan sanyaya inji ta raunana ko ta riƙa yankewa, domin ramukan shan ruwa suna jikin ƙafar ne. Da zarar ka ga haka ka rage wuta nan take, ka mayar da injin ƙasa mataki ɗaya. A ruwa mai yashi da laka irin namu robar famfon ruwa tana saurin cinyewa, don haka a sa sabuwa kafin a fara wannan gwaji.

Bayan tsayi sai jinginar inji. A ƙananan injina akwai sandar ƙarfe da ake zurawa a ɗaya daga ramuka huɗu ko biyar, ƙafar injin ta jingina da ita. Idan ka matso da ita kusa da allo, hancin jirgi yana dannuwa, jirgin ya yi saurin hawa saman ruwa amma ya riƙa kutsawa da ƙirji. Idan ka fitar da ita rami ɗaya, hanci ya ɗago, jikin da ke taɓa ruwa ya ragu, gudu ya ƙaru. Ka ci gaba rami-rami har sai jirgin ya fara ɗaga kai yana bugawa kamar doki mai tutsu, ko gudu ya daina ƙaruwa alhali juyi na hawa, sai ka koma ramin baya. Kafin ka koma ɗin, ka gwada matsar da tankin mai gaba da taku ɗaya ko biyu, domin a jirgin da ake tuƙawa da hannun inji, direba da tanki da batir duk suna taruwa a baya, kuma wannan ɗan canji kaɗai yakan kwantar da tsallen ka riƙe gudunka. Idan hannun tuƙi yana fizgar ka gefe ɗaya, akwai ɗan fiffike a ƙarƙashin faifan a yawancin injina, sai ka sassauta notinsa ka karkata wutsiyarsa kaɗan zuwa gefen da jirgin ke ja.

Sai an gama duk wannan ake taɓa farfela, domin kowane gyara na baya yana canza juyin inji, kuma wanda ya fara da farfela zai saya sau biyu. A jikinta akwai lambobi biyu, misali 11 da 13. Ta farko faɗinta ne da inci, ta biyu kuma takunta, wato nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce cikin abu mai tauri take shiga kamar sukuru a katako. Ƙarin inci ɗaya na taku yana rage juyin inji da kimanin 150 zuwa 200, ragin inci ɗaya kuma yana ƙara shi da haka. Idan injinka mai iyakar 5500 yana tsayawa a 4700, rage taku da inci biyu zai kai shi wajen 5000 zuwa 5100, kuma sau da yawa gudun yakan ƙaru duk da cewa farfelar ta ƙanƙanta. Idan yana haura 5500 da nauyinka na kullum, a nan ne ƙarin taku ke da amfani.

Akwai lissafin da zai gaya maka ko farfelar tana kama ruwa yadda ya kamata. Ka raba juyin inji da rabon giyarsa, wato sau nawa inji ke juyawa kafin farfela ta juya sau ɗaya, ka ninka da taku, ka sake ninkawa da 0.001524, abin da ya fito shi ne gudu da kilomita a awa idan babu santsi ko kaɗan. A ce inji yana juyi 5400, rabon giyarsa 2 da 1, taku 13. Farfela tana juyi 2700 ke nan, kuma lissafi zai ba ka kilomita 53.5. Idan waya ta nuna 47, santsin kashi 12 cikin ɗari ne, kuma wannan daidai ne, tunda jirgi mara nauyi da aka daidaita yakan tsaya tsakanin 10 da 15. Idan ta nuna 40, santsin ya kai kashi 25, akwai abin da ba daidai ba: ko kunnuwan farfela sun lanƙwashe, ko injin ya yi sama da yawa, ko jirgin ya yi nauyi, ko robar tsakiyar farfela ta saki. Gane na ƙarshen abu ne mai sauƙi. Ka ja layi da fenti daga cibiyar farfela zuwa jikinta, ka yi tafiya, ka dawo ka duba, idan layin ya rabu biyu robar tana zamewa. Duk lokacin da ka cire farfela ka duba bayanta, domin zaren koma yakan naɗe a wurin ya yanke robar da ke tare man giya, kuma idan ka ga man giya ya koma fari kamar madara, ruwa ya riga ya shiga.

Farfelar ƙarfe mara tsatsa ta fi ta alminiyam siraran kunnuwa, ba ta lanƙwasa a cikin gudu, kuma idan tana da ɗan murɗin baki takan riƙe ruwa ko an ɗaga inji sama. Duk da haka, a madatsunmu ina ganin alminiyam ta fi dacewa da yawancin mutane, musamman da rani idan ruwa ya ja baya kututture da duwatsu suka matso sama. Alminiyam idan ta bugi abu ita ke karyewa, ƙarfe kuwa yakan miƙa bugun zuwa sandar farfela da haƙoran giya, waɗanda kuɗinsu ya ninka nata sau da yawa. Wanda ke ɗaukar mutane wani lokaci, wani lokaci kuma yana fita shi kaɗai, gara ya ajiye farfela biyu masu taku daban.

Jirgin da ya ƙara gudu halinsa yakan canza, kuma a gwajin ƙarshe ne ake ganin haka. Idan ya fara rangaji daga gefe zuwa gefe a cikakken gudu, kada ka sare totur gaba ɗaya kuma kada ka yi kokawa da tuƙi, ka rage wuta sannu-sannu har ya daidaita, sannan ka mayar da jingina rami ɗaya ciki, ka duba ko akwai lako-lako a tuƙi ko a mazaunin inji. Igiyar kashe inji ta kasance a ɗaure a hannunka ko a rigarka tun kafin ka tayar, rigar kariya kuma a jikin kowa, domin jirgin da ya jefar da direbansa yakan riƙa zagaye da farfela tana juyawa a inda mutumin ya faɗa. Ka sanar da sarkin ruwa ko masuntan wurin lokacin da za ka yi gwaji, ka yi nesa da kwale-kwale da masu kamun kifi a kan gora, tunda igiyar ruwan da ka tayar tana iya kifar da su bayan kai ka yi nisa. Lambobin da ka samu da sanyin safiyar Janairu ka sake auna su a watan Afrilu, domin juyin zai sauka, kuma idan ya faɗi ƙasa da iyakar kamfani, farfela mai ƙaramin taku ce za ta yi maka aiki har damina ta sauka.